Tangaran na Narkakkiyar Silika a Cikin Wuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙarfafa Shi da Kula da Shi

Tambayoyin da ke nan su ne waɗanda ke yawan fitowa daga bakin masu aiki da tanderu, masu zubin ƙarfe, ma'aikatan masana'antar gilashi da ɗaliban kimiyyar kayan ƙira. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu zurfi. Duk ma'aunin zafin da aka ambata na Salshiyas ne.

1. Mene ne tangaran na narkakkiyar silika, kuma da me ya bambanta da gilashin silika?

Asalinsu ɗaya. Ana narkar da tataccen yashin kwaz, wato ma'adinin silika mai kiristal, a zafin da ya haura digiri 1,700, sai a bar shi ya huce ba tare da ƙwayoyinsa sun sami sukunin komawa jerinsu na kiristal ba. Abin da ya daskare shi ne narkakkiyar silika, gilashi ce da babu komai a cikinta sai silikon da iskar oksijin. Idan aka bar ta haka, aka ja ta bututu ko aka yanka ta faifai, ita ce gilashin silika mai garai-garai da ake gani a ɗakunan gwaji.

Tangaran kuwa ƙarin aiki ne a kan wannan. Ana farfasa gilashin, a niƙa shi da ruwa har ya zama kwaɓi mai ruwa-ruwa, a zuba a mazubin filasta da ke tsotse ruwan, a busar, sannan a gasa. Kayan yana fitowa fari, haske ba ya ratsa shi, kuma akasari kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jikinsa ƙananan ƙofofi ne. Hanyar ta bunƙasa ne tun daga ƙarshen shekarun 1950, musamman a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka inda J. D. Walton da abokan aikinsa suka yi ta bincike a kai, haka kuma a tsohuwar Tarayyar Sobiyet inda Yuri Pivinskii ya yi suna wajen haɗa kwaɓi mai kauri da ƙarancin ruwa. Amfanin hanyar shi ne ana iya yin manyan kaya masu wuyar siffa, waɗanda yin su da zallar gilashi zai ci kuɗi mai yawa.

2. Me ya sa ake nemansa a wuraren zafi?

Saboda kusan ba ya miƙewa idan ya ji wuta. Sandar silika mai tsawon mita 1, idan aka ƙara mata zafi da digiri 1,000, abin da za ta ƙaru da shi bai wuce ɗan sama da rabin milimita ba. Sandar alumina, wato tangaran na alminiyam oksaid, za ta ƙaru da kimanin milimita 8, ta baƙin ƙarfe kuma fiye da 12. Abin da ke fasa yawancin tangaran idan zafi ya sauya farat ɗaya shi ne waje ya miƙe, ciki bai miƙe ba. Silika ba ta da wannan ciwon, shi ya sa za a iya fitar da ita jajir daga tanderu a tsoma a ruwan sanyi ta fito lafiya.

Ban da wannan, zafi ba ya ratsa ta da sauri, ba ta da nauyi, lantarki ba ya bi ta cikinta, kuma igiyoyin rada, wato na'urar da ke hango abu daga nesa da igiyoyin rediyo, suna wuce ta ba tare da sun raunana sosai ba, ko da ta yi zafi. Don haka ake yin murfin rada da ke hancin makamai masu linzami da ita, da rololin da gilashi ke bi a kansu a tanderun ƙarfafa gilashi, da tukwanen narkar da silikon na farantan hasken rana, da zuciyar zubi ta fukafukan injin jirgin sama, wato abin da ake sa wa a cikin mazubi don ya bar rami a cikin ƙarfen da aka zuba.

3. Idan haka ne, me ya kawo maganar ƙarfafawa?

Jure sauyin zafi daban, ƙarfin ɗaukar nauyi daban. Tangaran na silika da aka yi ta hanyar zubi yakan karye a gwajin lanƙwasawa tsakanin megafaskal 30 zuwa 60 (megafaskal ma'aunin matsi ne), alhali alumina mai cikakken jiki tana haura 300. Ƙofofinsa suna shan ruwa. Saman jikinsa yana zaizayewa idan ƙura ko ɗigon ruwan sama suka buge shi da gudu. Sama da digiri 1,100 yana fara saki, ya lanƙwashe a hankali ƙarƙashin nauyi. Uwa uba kuma akwai kiristobalait, wanda tambaya ta 4 ta yi bayaninsa.

Waɗannan cututtuka ne daban-daban, kuma maganin ɗaya yakan tayar da ɗaya. Kafin ka ce kana son "ƙarfafa" kayanka, amsa tambayoyi uku: wane zafi zai kai, tsawon wane lokaci zai zauna a can, sannan sau nawa zai huce ya sake komawa wuta? A ganina ta ukun ta fi sauran muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa.

4. Mene ne kiristobalait, kuma me ya sa ake tsoronsa haka?

Gilashin silika ba zama na dindindin ba ne. Ƙwayoyinsa a hargitse suke, kuma da zarar zafi ya ba su damar motsi sai su fara jeruwa su zama kiristal. Irin kiristal ɗin da ke fitowa a nan shi ne kiristobalait. Aikin yana farawa a hankali daga wajen digiri 1,100, yana ƙara sauri sosai bayan 1,200, kuma daga saman jiki yake tasowa ya nutsa ciki. A nan tangaran ya fi gilashi shiga haɗari: gilashi fuskar waje kaɗai yake da ita, shi kuwa tangaran kowace ƙwayar gari da ke cikinsa tana da tata fuskar, kowace ƙofa kuma wurin farawa ce.

Yaudarar abin ita ce, muddin kayan yana cikin wuta ba ka ganin wata ɓarna. Kiristobalait na zafi nauyin jikinsa kusan daidai yake da na gilashin da ya fito daga ciki, don haka suna zaune lafiya. Sai an zo hucewa, tsakanin digiri 270 zuwa 200, sai ya sauya tsari nan take, girmansa ya tsuke da kusan kashi 5 cikin ɗari. Gilashin da ke kewaye da shi ba ya tsukewa. Sakamakon shi ne dubban ƙananan tsagogi. A sake zafafawa ya kumbura, a sake hucewa ya tsuke, kowane zagaye yana faɗaɗa tsagogin, har kayan ya soma ɓarɓashewa kamar alli.

Wato abin da ya sa aka zaɓi silika tun farko, rashin motsinta a gaban zafi, shi ne abin da kiristobalait ke ƙwacewa. Kuma idan ya fito, ba ya komawa gilashi sai an narkar da shi sama da digiri 1,700.

5. Kayana ya yi kwanaki yana aiki a wuta lafiya, amma da aka kashe tanderu sai ya tsage. Hucewar ce ta yi sauri?

Da wuya. Silika da ba ta lalace ba ba ta damu da saurin hucewa ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kiristobalait ya taru a kwanakin nan, ya jira sanyi. Duba wurin karayar: idan akwai farin ɓawo mai gari-gari a waje, ciki kuwa da sauran ƙarfinsa, to shi ne. Rage saurin hucewa zai ɗan sassauta, amma ba zai hana sauyin ba. Shi ya sa a wasu masana'antu, idan kayan silika ya daɗe a zafi mai yawa, ba a barinsa ya sauko ƙasa da digiri 300 sai ranar da za a cire shi gaba ɗaya. Idan kuwa tsagar daga wurin da ya haɗu da ƙarfe ta taso, je ka tambaya ta 15.

6. A wane zafi ya kamata a gasa shi?

Yawanci tsakanin digiri 1,100 da 1,250, na 'yan sa'o'i. Ƙwayoyin silika suna haɗuwa ne ta hanyar laushi: gefunansu su yi taushi su malala su manne da juna. Ƙarin zafi yana ƙara wannan mannewa, amma kuma yana kiran kiristobalait. Idan ka gasa samfura a zafi daban-daban ka gwada su, za ka ga ƙarfi yana hawa, ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗo. Inda ƙololuwar take ya danganta da tsabtar garinka, laushin niƙansa da iskar tanderunka, don haka lambar wani ba lallai ta yi maka aiki ba. Dole ka nemo taka.

Abin da zan jaddada shi ne, rabin ƙarfin kayan tun kafin ya shiga wuta ake samunsa. Kwaɓi mai ƙarancin ruwa, wanda ya haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi ta yadda ƙanana ke cike gurbin da ke tsakanin manya, yana ba da ɗanyen jiki mai ƙarancin ƙofofi. Irin wannan ba ya buƙatar gashi mai tsanani, kuma tsukewarsa a wuta ba ta wuce kashi 1 zuwa 2. Wanda ya yi sakaci da kwaɓi yana sa ran tanderu zai gyara masa, kiristobalait zai girba.

Akwai kuma hanyoyin da ke tseren lokaci da kiristal: gashi mai sauri na ɗan taƙaitaccen lokaci a zafi mai yawa, gashi a tanderun da aka zuƙe wa iska, ko gashi tare da matsi. Suna iya ba da jiki mai kusan babu ƙofa, sai dai tsada da iyakar girman kaya sun sa ba kowa ke bin su ba.

7. Me ke hanzarta fitowar kiristobalait?

Na farko sodiyam da fotasiyam, sai kalsiyam da danginsu. Kaɗan ƙwarai ya isa, domin suna tsinka sarƙar silikon da oksijin, ƙwayoyi su sami sauƙin jeruwa. Gumin hannu ma yana ɗauke da gishirin da zai bar tabo, dalilin da ya sa ake hana taɓa ƙwan fitilar halojin da yatsu ke nan. Na biyu tururin ruwa a cikin tanderu. Na uku ragowar kwaz da bai gama narkewa ba a cikin garin da aka saya, wanda ke zama iri.

Don haka a yi niƙa a injin da aka shimfiɗe cikinsa da silika, da duwatsun niƙa na silika. A yi amfani da tataccen ruwa. A kankare ko a goge fuskar da ta taɓa mazubin filasta, tunda filasta kalsiyam ce. A sa safar hannu. Kada a gasa silika a tanderun da aka saba gasa kayan da ake shafa wa ruwan ƙyalli mai gishiri, domin bangonsa yana riƙe da tururin alkali. Wannan tsabta ba ta cin kuɗi sosai, kuma sau da yawa ta fi duk wani sinadarin da za a ƙara amfani.

8. Ba za a iya ƙarfafa shi yadda ake ƙarfafa gilashin mota ko na fuskar waya ba?

A'a. Gilashin mota ana zafafa shi ne a busa masa iska mai sanyi. Waje ya daskare, ciki ya ci gaba da tsukewa ya jawo wajen ya matse. Dabarar ta dogara da tsukewa, silika kuwa kusan ba ta tsukewa. Gilashin waya ana tsoma shi a narkakken gishirin fotasiyam, ƙwayoyin fotasiyam masu girma su maye gurbin na sodiyam su cushe fuskar. Silika zalla ba ta da sodiyam da za a musanya, kuma gishirin kansa guba ne gare ta, kamar yadda aka gani a tambaya ta 7.

9. Waɗanne sinadarai ake ƙarawa a cikin garin?

Sun kasu gwargwadon abin da ake nema. Mahaɗan boron, kamar boron oksaid da boron kabaid, suna sa silika ta yi laushi da wuri, ta yadda za a gasa ta a zafin da bai kai na kiristobalait ba. Farashin wannan shi ne kayan zai fara saki da wuri a wurin aiki. Silikon naitiraid da boron naitiraid ana ƙara su don ƙarin ƙarfi da tauri, kuma bincike da dama ya nuna suna jinkirta kiristal. Sun dace da murfin rada tunda ba sa tare igiyoyinta sosai. Zirkon, wani ma'adini mai jure wuta, ba ya shiga harkar kowa: ƙwayoyinsa suna tsayawa a matsayin ƙashi, su rage tsukewa da lanƙwashewa. Ana kuma sa ɗan kuromiyam oksaid idan ana so fuskar kaya ta riƙa fitar da zafi ta hanyar haskakawa maimakon ta tara shi.

Alumina tana buƙatar taka-tsantsan. Tana miƙewa fiye da silika ninki goma sha wani abu, don haka idan ta yi yawa, ita ma tana haifar da ƙananan tsagogi a kewayenta. Ƙa'idar da ta shafi dukkansu ita ce, duk abin da ka zuba yana ɗan rage juriyar sauyin zafi. A fara da kaɗan, a gwada, kuma a gwada bayan zagayen zafi da sanyi da yawa, ba bayan gashin farko kawai ba.

10. Mene ne ƙarfafawa ta hanyar jiƙawa?

Tunda jikin yana da ƙofofi, ana iya tura ruwan wani abu ya shiga ya cike su. Ana sa kayan a tukunyar da aka zuƙe wa iska, a sako ruwan, a mayar da iska ta danna shi ciki, a busar. Jiƙawa iri biyu ce, kuma rikita su kuskure ne mai tsada.

Ta farko don ƙarfin sanyi ce. Ana amfani da rezin, kamar na fenol ko efoksi, ko wani ɗanko mai narkewa a ruwa. Yana sa siririn kaya ya jure ɗauka, sufuri da matsin kakin da ake harbawa kewaye da zuciyar zubi. Amma da zafi ya kai 'yan ɗaruruwan digiri sai ya ƙone ya tafi. Ba ya ƙara ko ƙwayar ƙarfi a cikin wuta.

Ta biyu don ƙarfin zafi ce. A nan ana jiƙawa da ruwan silika mai ƙananan ƙwayoyi, ko etil siliket da aka sarrafa da ruwa, wani lokaci kuma da ruwan alumina ko gishirin itiriyam. Bayan an busar an sake gasawa, abin da ya rage a ƙofofin yana ƙarfafa wuyan da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. Akan maimaita sau biyu ko uku. Bayan haka bakin ƙofofin yana toshewa, ribar ta ragu. A lura da abu guda: yawancin ruwan silika na kasuwa da sodiyam ake daidaita shi. Idan ba kiristobalait kake nema ba, nemi wanda aka daidaita da amoniya. A zuciyar zubi akan yi duka biyun, ta zafi tukuna, ta sanyi daga baya.

11. Na ji an ce wasu da gangan suke neman kiristobalait. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne tambayar "sau nawa zai huce" ke nuna nauyinta. Kiristal ba ya malala kamar gilashi. Kayan da ya koma kiristobalait yana tsayawa ƙyam a zafin da gilashin silika zai lanƙwashe.

Dubi fukafukan injin jirgin sama. A cikinsu akwai siraran hanyoyin iska masu sanyaya su, kuma ana samar da hanyoyin ne da zuciyar zubi ta silika, wadda narkakken gaurayen nikel mai zafin kusan digiri 1,500 ke kewayewa. Idan zuciyar ta lanƙwashe ko da kaɗan, bangon fiffiken zai yi kauri a gefe ɗaya ya yi siriri a ɗayan, an yi asararsa. Saboda haka ana tsara garin da gashin yadda za a sami ɗan kiristobalait tun farko, wanda bai kai ya raunana ta a sanyi ba, sauran kuma ya fito da sauri lokacin da ake zafafa mazubin kafin zuba ƙarfe. Bayan an gama, tsagewar da za ta yi wajen hucewa ba asara ba ce, taimako ma take yi: ana narkar da zuciyar ne da ruwan soda mai ƙuna ko na fotash a tukunyar matsi, kuma fasasshen jiki ya fi saurin ciwuwa.

Haka abin yake a tukwanen silikon. Silikon yana narkewa a digiri 1,414, zafin da ya wuce inda silika ke saki. Tukunyar tana komawa kiristobalait a hankali yayin aiki, ta tsage idan ta huce, shi ya sa sau ɗaya ake amfani da ita. A tukwanen gilashin kwaz da ake jan silikon mai kiristal guda daga cikinsu, har shafa mahaɗin bariyam ake yi don ɓawon kiristobalait ya fito bai ɗaya, maimakon tabo-tabo da ke ɓallewa su faɗa cikin narkakken silikon.

12. Yaya batun ƙarfafawa da zare?

Wannan ita ce hanyar da ke sauya yadda kayan ke karyewa. Tangaran zalla, tsaga ɗaya ta isa ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Idan aka saƙa zaren silika, a shimfiɗe ko saƙa mai kauri ta fuska uku, aka yi ta jiƙa shi da ruwan silika ana busarwa har ya cika, tsagar da ta taso tana cin karo da zare, ta karkace, zaren ya zare kansa a hankali yana shanye ƙarfin bugun. Kayan yana nuna alamar gajiya kafin ya rabu biyu.

Wahalar ita ce zaren silika yana rasa ƙarfinsa idan ya sha wuta, don haka akan tsayar da gashin ƙasa da digiri 900, jikin kuma ya fito da ƙofofi da yawa. Sannan idan zaren ya manne da jikin sosai, amfaninsa ya tafi, tsaga za ta yanke su tare. Ana so ya kama, amma ba kamun da zai hana shi zamewa ba. Zaren kabon yana ba da ƙarfi fiye da haka, sai dai yana ƙonewa a iska mai zafi kuma yana tare igiyoyin rada.

13. Me ya sa ake damuwa da danshi, kuma yaya ake toshe shi?

A murfin rada, ruwa yana dagula igiyoyin fiye da silika nesa ba kusa ba, don haka ɗan danshin da ya shiga ƙofofi yana karkatar da ganin na'urar. A sauran wurare, ruwan da ya maƙale yana zama tururi idan aka zafafa da gaggawa, ya ɓantare fuska. Rola ko tukunyar da ta daɗe a ajiye, a fara busar da ita a ƙaramin zafi.

Hanyoyin toshewa uku ne. Ana jiƙa fuskar da rezin na silikon, wato ɗanko mai kama da roba ba silikon zalla ba, wanda idan ya ƙone yawancin abin da yake bari silika ce. Ana shafa siririn gilashi mai ƙarancin miƙewa a gasa. Ko kuma a narkar da fatar kayan kanta da harshen filasma ko hasken leza ta zama gilashi. Jiragen sama jannati na Amurka masu zuwa su dawo, waɗanda suka fara tashi a 1981 suka daina a 2011, misali ne mai kyau: tayil ɗinsu na zaren silika ne, fiye da kashi 90 na jikinsa iska, yana jure har digiri 1,260. An rufe fuskarsa da baƙin gilashin borosiliket, duk da haka sai da aka riƙa sake yi masa allurar sinadarin korar ruwa tsakanin tafiya da tafiya, domin zafin dawowa yana ƙone na baya.

14. To a taƙaice, zafi nawa yake jurewa?

Babu lamba ɗaya. Idan zai yi shekaru yana zafi yana hucewa, a tsaya ƙasa da digiri 1,000 zuwa 1,100; rololin tanderun gilashi da ke aiki a wajen digiri 700 suna daɗewa ƙwarai. A wannan tsakanin ƙarfinsa ma ƙaruwa yake yi da zafi, saboda bakin ƙananan tsagogi yana dakushewa. Idan zafi ɗaya zai shiga ba fita, yana kaiwa 1,500 ko sama, bisa sharaɗin tambaya ta 11. Idan na 'yan daƙiƙoƙi ne, fuskarsa tana iya narkewa alhali bayansa bai yi zafi ba, domin narkakkiyar silika tana da kauri sosai, ba ta saurin kwarara.

15. Yaya ake haɗa shi da ƙarfe ba tare da ya fashe ba?

Ƙarfe yana miƙewa fiye da shi ninki ashirin ko fiye. Idan ƙarfen yana ciki, zai kumbura ya fasa shi. Idan yana waje, kamar hular da ke kan bakin rola, zai buɗe ya saki, rolar ta riƙa zamewa tana gurza gilashi. Don haka ake amfani da maƙalai masu sifirin da ke bin motsin, ko ɗanko mai taushi na silikon a inda zafi bai yi yawa ba. A murfin rada akan sa zoben Invar, gaurayen baƙin ƙarfe da nikel kashi 36, wanda miƙewarsa kaɗan ce, amma fa wannan halin nasa yana gushewa idan ya haura wajen digiri 200. Kada a ɗaure silika da ƙusa kai tsaye, kuma kada a bar kaifin kusurwa a wurin haɗin.

16. Zai iya taɓa narkakken ƙarfe?

Ya danganta da ƙarfen. Narkakken alminiyam yana ƙwace oksijin daga silika, ya bar alumina da silikon, wurin ya yi baƙi ya ruɓe. Shi ya sa ake shafa boron naitiraid ko a gauraya sinadaran hana jiƙuwa irin su bariyam salfet. Ƙarfen da ke da manganis da yawa yana cinye ta, abin da ya sa masana'antun ƙarfe da dama suka koma bututun alumina da girafait. Narkakken silikon yana manne mata, don haka ake fesa silikon naitiraid a cikin tukunya. Asid kuwa yawancinsu ba sa yi mata komai, ban da haidirofulorik da fosforik mai zafi. Alkali mai zafi yana narkar da ita.

17. Ta yaya zan tabbatar cewa ƙarfafawar ta yi aiki?

Da gwaji huɗu aƙalla. Auna ƙofofi ta hanyar auna nauyin samfur a bushe, a jiƙe, da cikin ruwa. Auna kiristobalait da na'urar hasken ekis da ke gano kiristal. Idan babu ita, na'urar auna miƙewa za ta nuna tsalle a wajen digiri 200 zuwa 270 in yana nan. Yi gwajin lanƙwasawa a sanyi da kuma a zafin aiki. Sannan a ɗora sanda a kan madogara biyu a cikin tanderu a ga nawa za ta lotsa.

Kada a dogara da samfur uku ko huɗu. Tangaran yana karyewa ne daga aibinsa mafi girma, don haka sakamako yana warwatsuwa. Ana buƙatar sanduna masu yawa, kuma mafi rauninsu ya fi matsakaicinsu ba da labari. Maganin da ya ɗaga matsakaici amma ya bar wasu samfura suna karyewa da wuri bai gyara komai ba a wurin aiki.

18. Akwai haɗari ga lafiyar masu aikin?

Akwai, kuma ya fi yawa a tsohon kaya fiye da sabo. Ƙurar silika marar kiristal ba ta kai ta kiristal illa ba, amma kayan da ya sha wuta yana ɗauke da kiristobalait, wanda ƙurarsa ke jawo cutar silikosis mai taurara huhu, kuma ba ta da magani. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar kwaz da kiristobalait da ake shaƙa a wurin aiki cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Masu fasa tsofaffin tukwane, masu rushe bangon tanderu da masu gurza kayan da aka gasa su ne a sahun gaba. A yi yanka da gurza da ruwa, a sa injin zuƙe ƙura a daidai inda take tashi, a sa abin rufe hanci mai tace ƙananan ƙwayoyi wanda ya zauna daidai a fuska, kuma kada a share wurin da tsintsiya a bushe ko a busa shi da iskar matsi. Wurin jiƙawa da etil siliket ko rezin yana buƙatar iska mai wucewa da nisantar wuta, masu aiki da ruwan soda mai zafi kuma su rufe ido da fata gaba ɗaya.